Muryar Jaratu a Hannun Mai Gyaran Inji

Duk inda ake noman albasa ba a rasa mai gyaran injin ban ruwa, amma mu a ƙauyenmu na ƙasar Tama, Iliyasu Allah ya haɗa mu da shi. Shi da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Teknisiyan, ya sa aka rubuta masa da jan fenti a bayan babur, don kada wani ya yi kuskuren kiransa Iliyasu kawai. Inji in ya zo hannunsa yana tari, to zai koma gida ko numfashi ba ya yi. Sau ɗaya ya taɓa zuwa cirani Abijan, kuma tun daga nan babu abin da bai gyara ba a bakinsa, har jirgin ruwa. Waɗanda suka je tare da shi sun ce dakon buhu ya yi a kasuwa, shi ma sai da aka kore shi.

A bakin gari akwai gidan Jika, wani dattijon Bafulatani da kakanninsa suka zauna tare da namu. Yana noma gero kamar kowa, yana kuma da shanunsa. Matarsa Jaratu ta rasu bayan girbi, ta bar shi da wata jar saniya mai farin goshi da ake kira Wule. Ɗan maraƙin Wule ya mutu tun da damina, kuma daga lokacin babu mai tatsarta sai Jaratu, ita ma sai ta jingina goshi a cikinta tana rera mata wata waƙa da Fillanci. Da Jaratu ta tafi, Wule ta riƙe nononta. Duk wanda ya matso da ƙwarya sai ya sha shuri, hantsarta kuwa ta kumbura har tana tafiya a tale.

To, ɗan Jika, Ridwan, wanda ke cirani a Aljeriya, ya taɓa kawo kwamfuta gida, irin wadda ake ninkewa. Ya bar wa matarsa Bushira tana kallon fim, ana cajinta da hasken rana. A zuwansa na ƙarshe ya ɗauki mahaifiyarsa tana tatsar Wule tana waƙar nan, ya zuba a ciki. Babu wani wuri a duniya da muryar Jaratu ta saura sai nan. Matsalar ita ce tun kafin rasuwar sauti ya ɗauke daga kwamfutar. Hoto yana tafiya garau, bakin Jaratu yana motsi, amma shiru.

Jika ya ce a nemo sautin don a kunna wa saniya. Haka ya ce, kuma babu wanda ya musa masa, amma kowa ya san ba don saniya ba ne kaɗai. Mutum ne da tun aurensu ba a taɓa jin ya kira sunan matarsa a gaban jama'a ba, ranar jana'iza ma ko hawaye bai yarda an gani ba. Sai ga shi kullum da hantsi yana cewa Bushira ta kunna a duba ko ya gyaru, ya zauna ya ƙura wa bakin nan ido har hoton ya ƙare. Kewarta ke cinsa, kunya ta hana shi faɗi.

Dela mai fura, maƙwabciyarsu, ita ta kai zancen bakin masallaci ba da mugun nufi ba. Kafin la'asar sai ga babur ya tsaya a ƙofar gidan Jika, Iliyasu ya sauko da jakar kayan aiki, ba wanda ya aika a kira shi.

Ya yi sallama ya ce, “An ce ordinatarku ta yi pan,” wato kwamfutar ta lalace.

Bushira ta ce, “Lahiyatta lau, murya ce ɗai ba ta hita. Ran kasuwa za mu kai ta Buza a duba.”

“Buza? Wa kunka sani Buza? Yaran ga masu gyaran waya? Ni na koya ma ubangidansu riƙon turnabis na kwance ƙusa.”

“Kai da kak kashe injin Malam Sharifu?”

“Injin Malam Sharifu da ajalinai yaz zaka wurina.”

“Na Usman hwa?”

“Usman bai bi umurnina ba. Na ce mai kar shi tada shi, yat tada shi.”

“Injin ban ruwa na, in ba a tada shi ba, mi za a yi da shi? A jingina?”

Iliyasu ya kawar da kai daga gare ta, ya durƙusa gaban Jika, ya ce shi da maza yake magana. Ya ce hantsar saniya ba ta jiran ranar kasuwa, kuma abin kunya ne a ce yana garin nan a ɗauki inji a kai wani gari. Jika ya dubi ƙasa. Bafulatani irinsa ya gwammace ya yi asara da ya ce wa maƙwabci a'a a cikin gidansa, Iliyasu kuma ya san da haka sarai, shi ya sa ya durƙusa a nan.

Jika ya ce, “Maƙwabci na, Bushira. A ba shi shi duba.”

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi, aka ajiye kwamfuta. Kafin a kunna, maƙwabta sun fara leƙowa ta kan dangar zana, don duk inda babur ɗin Iliyasu ya tsaya an san akwai kallo. Ya naɗe hannun riga, ya kara kunne a jikinta, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, sannan ya gyaɗa kai.

Ya ce, “Bo. Na gane. Inji dut inji na. Injin ban ruwa in shina juyawa ruwa ba su hawa, mi ad damuwa tai?”

Wani daga bayan danga ya ce, “Kai.”

Iliyasu ya yi kamar bai ji ba. “Iska ta shiga tiyo. Wagga ma hakanan ta. Hoto na tahiya, murya ba ta hawa. Iska ta shiga, sai an zuƙo ta.”

Ya juya kwamfutar, ya sami wani ɗan rami a gefe, ya kafa baki ya zuƙa da ƙarfinsa. Abin da ya zuƙo, ƙura ce ta shekaru da wani ƙwaro da ya daɗe da mutuwa a ciki. Ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, ya tofar, ya nuna tofin a ƙasa ya ce kowa ya shaida abin da ya toshe hanya. Aka kunna, bakin Jaratu ya ci gaba da motsi shiru. Sai ya ce to ba makawa sai an ɗura ruwa kaɗan a ramin, kamar yadda ake yi wa inji kafin ya kama. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, Bushira ta riga shi, ta zauna a kanta.

Dela ta ce, “Ni dai a ganina dishewa tay yi. A shahwa mata zuma da citta.”

Kalla, wani tsohon manomi da lambunsa ke jingine da gidan, ya ce, “Ko dai a bar abin ga. Ƙila muryar mamaci ba ta zama duniya bayanai.”

Jika ya ɗaga kai ya dube shi, ya sake sunkuyarwa. Bushira ta ce wa Kalla ai tun Inna Jaratu na da rai sautin ya ɗauke, kada ya ɗora wa tsoho abin da ba shi ba. Iliyasu kuwa dariya ya yi, ya ce wannan shi ne illar rashin zuwa lakkol, wato makarantar boko, mutane suna maganar zuma da mamaci a gaban kimiyya. Shi kansa aji biyu ya yi aka sallame shi, amma ba a gidan Jika za a tuna masa ba.

Ya hau babur ya tafi, ya dawo da ƙatuwar lasifikar da ake hayarta a biki. Ya ce muryar tana ciki, ƙarfin hawa ne ba ta da shi, sai an ba ta babban tiyo. Ya yanke waya da haƙori, ya murɗe bakinta, ya cusa a duk ramin da ya gani a jikin kwamfutar, wanda ya ƙi shiga ya taimaka masa da tsinke. Ɗaya bakin ya haɗa da batirin babur. Ya ce kowa ya matsa kusa, don kada wani ya ce daga baya bai ji ba.

An ji kuwa. Wata irin ƙara ta fito wadda ta sa jakin Kalla ya tsinke igiya, kaji suka haye rufin rumbu, wata mata ta saki tulu. Wule ta fizge turkenta ta keta danga ta faɗa lambun Kalla, ta bi ta kan irin albasar da ya yi wata yana lallaɓawa. Wani siririn hayaƙi ya taso daga gefen kwamfutar da warin roba.

Iliyasu ya cire waya yana yarfe hannu, ya ce, “Wala, ga shi nan. Kun ji sauti ko ba ku ji ba?”

Dela ta ce, “In wagga ce muryar Jaratu, to ba mu taɓa saninta ba.”

Kalla ya dawo daga lambu riƙe da tsiron albasa a tattake, ya ce, “Wa za shi biya ni wanga?”

“Ka tambayi saniya. Ni sashen sauti nike.”

Da aka kamo Wule aka sake ɗaure ta, Bushira ta naɗe kwamfutar a zane ta shige ɗaki da ita, ta ce ko uban Teknisiyan ne ya zo ba ta fito da ita. Ta manta cewa gobe da safe za ta rijiya, Jika kuma zai kora shanu.

Da safen kuwa Iliyasu ya leƙo ya tarar gida babu kowa. Da wani ne da sai ya juya, amma shi cewa ya yi Allah ne ya ba shi fili ya yi aiki ba surutun mata. Ya shiga ɗakin matar mutane ya ɗauko kaya, ya baje a tabarma, ya kwance bayan kwamfutar. Ya ga wata 'yar fanka, ya ce ga farfela, ya karkaɗa ta da tsinke har fiffike ɗaya ya ɓalle. Ya ga wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe guda biyu, waɗanda ko makaho ya shafa zai ce nan ne murya ke fita, ya ce ga buji, wato fulogi, ya yi datti. Ya ciro su ya kankare da wuƙa har suka huje, ya wanke da man fetur, ya busa, ya mayar. Sauran man da ya rage a gwangwani bai ga dalilin asararsa ba, ya yayyafa a kan komai.

Da ya zo rufewa, murfi ya ƙi zama. Ya danna da gwiwa, wani abu ya ce ƙas a ciki. Ƙusoshin da suka rage ya zuba a aljihu, ya ce Nasara ne da almubazzaranci, inda ƙusa uku ta isa sai su sa goma. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar babur ya ɗaure ta tamau.

Bushira ta dawo da tulu a ka, warin mai ya tare ta tun daga ƙofa. Ta sauke tulun a hankali, don ta san in ta bari a hannunta, a kan Iliyasu zai fashe.

“Wa ya ba ka izinin shiga ɗakina?”

“Lokotoro ba shi neman izini in ciwo ya yi tsanani.”

“Lokotoron da ka yanka mutum shi ɗaure shi da roba?”

“Kunna ki gani, sannan ki yi magana.”

Ta kunna. Ikon Allah, hoto ya zo, sai dai wani koren layi ya ratsa ta tsakiya ya cinye rabin fuskar Jaratu, ɗaya rabin yana rawa. Sauti kuwa ko na sauro babu. A daidai nan Jika ya shigo da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya yana kallon rabin fuskar matarsa. Bushira ta buɗe baki za ta faɗi abin da aka yi, Iliyasu ya riga ta.

“Baffa, aiki ya ƙare. Man na bukatar shi jiƙa ciki, shi ɗai na. Yau da marece, lokacin tatsa, za ka ji muryar da kunnenka. Garanti. In ba ka ji ba, a goge sunan da ad bayan babur ɗina.”

Jika ya ce, “Da marece?”

“Da marece.”

Tsohon ya gyaɗa kai ya shige bukkarsa. Bushira ta bi shi tana cewa Baffa ƙarya ce, a bari a kai Buza tun da sauran abin kaiwa. Ya ce mata mutum ya ce da marece, a jira marece. Da ta leƙa bayan azahar ta tarar ya fito da farar rigarsa ta Sallah yana kakkaɓewa, sai ta koma ta zauna a bakin murhu ta yi kuka don haushi.

Iliyasu ya san dabararsa ta ƙare. Mai hankali a nan sai ya hau babur ya nufi Keita ya ce ana nemansa da gaggawa. Shi kuwa lambu-lambu ya bi yana gayyata, ya ce duk wanda bai zo gidan Jika ba yau ya yi asarar ganin abin da ko a Tawa ba a taɓa yi ba. Sai da ya tara wa kansa shaidu, sannan ya zauna tunanin yadda zai fita, kuma tunanin bai kai shi ko'ina ba sai wurin tiyo, don iyakar iliminsa ke nan.

Ya kwanto dogon tiyon ban ruwa daga lambun wani. Ya kifa turmi kusa da turken Wule, ya ɗora kwamfuta a kai, ya ɗaure bakin tiyon a jikin turmin ta baya da igiya. Ya ja sauran ta ƙarƙashin danga zuwa bayan gida, ya rufe da ƙaiƙayi. Dela ta tambaye shi na mene ne, ya ce nan ne iskar da ta shiga za ta bi ta fita, kuma shi dole ya tsaya a can ƙarshen yana reglaji, wato saiti. Ya gargaɗi kowa kada a zagayo bayan danga, don iskar tana da guba.

Da rana ta yi sanyi gidan Jika ya cika. Masu lambu sun zo da laka a ƙafa, mata da goyo, Malam Sharifu da Usman sun zo tun da wuri sun kama wuri a gaba, don su suna da tsohon dalilin son ganin ƙarshen wannan aiki. Jika ya fito cikin farar riga ya zauna a kan buzu, ya ajiye sanda a gefe. Bushira ta ɗauki ƙwaryar tatsa ta tsuguna nesa kaɗan da ƙafar Wule. Daga bayan danga Iliyasu ya ce a kunna, ta miƙa hannu ta kunna.

Rabin fuskar Jaratu ya bayyana, ta jingina goshi a cikin saniya, bakinta ya fara motsi. Sai wani gurnani ya fito daga gindin turmi, na ragowar ruwan lambu da ke kwance cikin tiyo. Bayansa wata siririyar murya ta biyo, irin ta ƙato in ya matse maƙoshi.

Fillancin Iliyasu bai wuce na sayen nono a kasuwa ba. Abin da ya sani shi ya rera: “Nagge, nagge, kosam, kosam, jam wali.” Saniya, saniya, nono, nono, ina kwana. Ya kai ƙarshe ya sake komowa farko, yana karkaɗa murya.

Dela ce ta fara magana, a hankali. “Jaratu na gaida saniya da kwana, rana na hwaɗuwa?”

Usman ya ce, “Kuma ta koyi shan taba, ku ji maƙoshin.”

A cikin hoton Jaratu ta rufe baki ta juyo tana yi wa ɗanta dariya, amma waƙa ba ta tsaya ba. Sai mai waƙar ya ja dogon numfashi ta cikin tiyo, ya zuƙo ruwan laka da duk abin da ke zaune a ciki. Turmi ya yi tari irin na namiji, ya yi kaki, ya ce a'uzu billahi da muryar da duk garin ya sani.

Malam Sharifu ya ce, “Wanga tarin na san shi. Shi na ji ranar da injina yam mutu.”

Dariya ta fashe. Wule dai ba ta ga abin dariya ba. Tun da aka fara ta kafa kunnuwa, tana huci, tana bin ƙaiƙayin nan da hanci. Ta fizgi igiya, turken da aka mayar jiya a gaggauce ya fito salin alin, ta sunkuyar da kai ta shiga danga da ƙaho. Zana ta kwanta, sai ga Teknisiyan a tsugune, tiyo a baki, laka har gemu. Ya yunƙura zai gudu, ƙaho ya shiga ɗamarar wandonsa, ta ɗaga shi ta juyo da shi tsakar gida gaban jama'a.

Da ya saki tiyon, da abin ya tsaya a kansa shi kaɗai. Amma ya rungume shi da hannu biyu yana kiran a kama saniya. Tiyo ya miƙe, igiya ta ja turmi, turmi ya kife. Kwamfuta ta faɗo a buɗe, Wule ta ja da baya ta ɗora ƙafa a tsakiyarta, ta murza, ta sake ɗora ɗayar. Sannan wandon ya yage, Iliyasu ya faɗo a cikin kashin shanu.

Dariyar ta ɗan ci gaba a baya, wurin waɗanda ba su ga abin da ke ƙasa ba, sannan ta mutu. Bushira ta durƙusa tana tattara ɓaraguzai a cikin zanenta. Daga baya an kai su Buza, mai gyara ya juya su ya shinshina, ya ce wanda ya zuba mai da wadda ta taka ba su bar masa komai ba, abin da ke ciki ya tafi. Amma ko a yammacin nan ba wanda ya bukaci a faɗa masa.

Iliyasu ya miƙe riƙe da wando da hannu ɗaya. Ko a nan bakinsa bai mutu ba.

“Gilashin na ɗai ya hwashe. In anka ba ni ita zuwa gobe…”

Bushira ta ce, “Ka ƙara kalma guda, in ƙarasa abin da saniya ta hwara.”

Jika ya tashi. Mutane suka buɗa masa, kowa na kallon sandar da ke gefen buzu, kuma na rantse babu wanda zai riƙe shi. Bai ɗauke ta ba. Ya tako har gaban Iliyasu, ya dube shi daga laka zuwa kashin shanu.

Ya ce, “Ba hakanan take yi ba.”

“Baffa, ai reglajin na…”

“Ba hakanan take yi ba.”

Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar da Bushira ta yar. A gidan nan namiji bai taɓa tatsa ba, amma ya je wurin Wule, wadda ke tsaye tana huci a kan karyayyar danga, ya tattare farar rigarsa ya tsuguna. Ya jingina goshi a cikinta. Sai muka ji wata murya ƙasa-ƙasa, tsohuwa, tana karyewa, tana rera waƙar Jaratu da Fillanci. Maza suka sunkuyar da kai, mata suka ja mayafi, don ba abin da ya kamata a kalli dattijo yana yi ba ne. Iliyasu ya sami wannan damar ya sulale ta inda danga ta faɗi, ya tura babur ɗinsa har bayan gari bai tada shi ba.

Wule ta daina huci. Ta juyo da kai ta shinshini wuyan rigarsa, ta gyara tsayuwa. Can muka ji nono ya fara bugun gindin ƙwarya.

Ana cikin haka waƙar ta tsaya a tsakiya. Jika ya sake ɗaukar layin, ya kai wuri ɗaya, ya sake tsayawa. Hannunsa na kan hantsa, goshinsa na jikin saniya, bai ɗago ba.

Ya ce, “Nan na nike mancewa. Bushira, ke kin riƙe sauran?”

Bushira ta girgiza kai, ɓaraguzai a cinyarta. Ya jira ko wata daga cikin matan za ta ɗauka, ba wadda ta sani, don Jaratu ba ta taɓa rera ta ga kowa ba sai saniyarta.

Wule ta fara motsa ƙafa. Jika ya share fuska a jikinta, ya koma farkon waƙar.